Yellow Devil ya hana ni wucewa a Mega Man, ku taimaka

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wasan bidiyo na Mega Man na farko nake bugawa, wanda Capcom ya fitar a 1987 don na'urar NES, amma a waya ta manhajar kwaikwayon na'urar. Na gama da shugabannin mutum-mutumi shida, har na ɗauko Magnet Beam, abin da ke shimfiɗa wurin takawa a iska, a matakin Elec Man, ɗaya daga cikinsu. Sai na iso matakin farko na Dr. Wily, babban mugun wasan, nan na cije.

Wannan dodon rawaya mai ido ɗaya, Yellow Devil, kwana huɗu ke nan yana kashe ni. Yakan wargaje gunduwa-gunduwa ya tsallaka ɗaya gefen, kafin ya haɗu ya buɗe idon, rabin jinina ya tafi. Tsalle da maɓallin kan gilashin waya kuwa, sai a hankali.

Na ji ana harbin idon da Thunder Beam, makamin da ake samu daga Elec Man, sannan a riƙa danna Select, maɓallin da ke dakatar da wasan, da sauri domin harbi ɗaya ya yi ta cinsa. Na gwada, harbin wucewa yake yi. Yaushe daidai ake fara dannawa? Ko sai na sayi abin riƙewa mai maɓallai? Don Allah wanda ya taɓa wuce shi ya faɗa mini, tunda wasan ba shi da kalmar sirri ta komawa inda aka tsaya.