Firiza ta narke kwana biyu: in zubar da ruwan jinin da na tara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina bincike a kan yaran da ake shan taba a gidajensu, kuma na adana ruwan jininsu a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili domin auna kotinin, sinadarin da ke nuna yawan hayaƙin tabar da ya shiga jiki. Makon jiya janareta ya lalace, wuta kuma ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu, na tarar komai ya narke, ko da yake da sauran sanyi. Shin in zubar in sake fita ɗibar jini?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki zubar. Kotinin, wanda hanta ke sarrafawa daga nikotin, sinadari ne mai juriya, narkewa sau ɗaya ba ta cika taɓa shi ba, musamman tunda kin riga kin raba ruwan jinin daga ƙwayoyinsa. Abin da ya fi damuna shi ne murafun kwalaben, domin idan ba su rufu da kyau ba ruwa zai tsane, sinadarin ya taru a ɗan abin da ya rage, sai sakamakon ya haura gaskiya. Ki duba kowace kwalba, wadda ruwanta ya ragu ki ware ta.

Amsa ta biyu:
Na yarda da Malam, amma yara ake magana. Mai shan taba yakan nuna kotinin nanogiram ɗari ko fiye a mililita ɗaya (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram), yaron da ke shaƙar hayaƙin wani kuwa sau da yawa ba ya kai nanogiram 1, saboda haka kuskuren da ba ya komai a wurin mashayi yana iya sauya hukunci a kan yaro. Idan kina da ragowar wasu samfurori a firizar da ba ta narke ba, ki auna su tare ki kwatanta, sannan ki rubuta ranar narkewar da tsawonta a rahotonki. Nan gaba ki riƙa rarraba kowane samfuri a ƙananan kwalabe tun ranar farko, kada kuma a bar mai shan taba ya kunna ta kusa da ɗakin gwajin.

Mai tambaya:
Na gode, malamaina. Na duba murafun, biyu ne kawai suka kwance, na ware su. Akwai ragowa a firizar wani sashe, da su zan fara ranar Litinin in sha Allahu.