Wai duk matan sun gamsu da tallafin?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'ar zaure. Abin nan ya tsaya min a rai, gara in faɗa in huta. Wata ƙungiya ta ɗauke mu aikin jin ra'ayin matan da aka raba wa kayan tallafi, waɗanda suka gudo daga Birnin Gwari da Giwa suke raɓe a gidajen 'yan'uwa a Rigasa. Tambayar tana cikin waya: "Kin gamsu da abin da aka ba ki?" Sai zaɓi biyar, daga "ban gamsu ba ko kaɗan" zuwa "na gamsu ƙwarai". To an shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan wanda ya rubuta sunayensu, yana zaune, maigidanta yana tsaye. Wace ce za ta ce ba ta gamsu ba? Sai da na shiga cikin gida shan ruwa wata ta ja ni gefe, ta ce shinkafar sun sayar sun sayi masara da gawayi, 'yarta budurwa kuwa ko kallonta ba a yi ba, alhali audugar mata take nema. Babu gurbin rubuta wannan. Matan ƙauye ba sa iya cewa a'a a gaban manya, amma rahoto zai tafi Abuja wai kowa ya gamsu.

Ɗan Birnin Gwari: Wa alaikumus salam. Anti, su wa kike kira matan ƙauye? Iyayenmu ne fa. Tsaro ne ya koro su, ba wauta ba.

Maman Ilham: Ƙanina, ban ce wauta ba. Kunya na ce.

Ɗan Birnin Gwari: Ba ki ce kunya ba, ƙauye kika ce. Koma sama ki karanta. Birnin Gwari masarauta ce mai sarki. Ita Kadunar da kuke taƙama da ita Turawa suka kafa, sai 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru. Kowa a nan daga wani ƙauye kakansa ya zo.

Baban Sadiq: Ni dai kakana ɗan birnin Zazzau ne, a cire ni.

Ɗan Birnin Gwari: Cikin ganuwa ko bayan ganuwa, Yaya? Mu ji.

Malama Rahila: Don Allah ku bari, maganar 'yar'uwa tana da tushe. Akwai ƙa'idar aikin jinƙai ta duniya da aka fitar a 2014, mai alkawura tara. Ɗaya daga ciki shi ne mutum ya samu hanyar kai koke ba tare da fargaba ba. Shi ya sa ake so mace ta tambayi mace, a keɓe, 'yan mata daban, matan aure daban, zawarawa daban, kuma wanda ya raba kaya ba shi ke tambaya ba. Maimakon "kin gamsu", a ce me kika sayar, me ya fara ƙarewa, tun yaushe kike kan layi, wa ya karɓi katin. Mai tsoron a goge sunanta ba za ta kushe kyauta ba.

Alhaji na Kawo: Malama, mu addininmu ya koyar da godiya. An ba ka kyauta, kuma a ce ka ba ta maki? Wannan koya wa mata butulci ne.

Malama Rahila: Ranka ya daɗe, mu ma a coci ana koya mana godiya. Amma da sunan matan nan aka karɓo kuɗin, haƙƙinsu ne a ji ta bakinsu. Ku ma ku gode da ana zuwa tambayarku, mutanenmu na Kajuru da suka gudo Sabon Tasha wa ya leƙa su?

Baban Sadiq: Kun fara ko? Kullum Kudancin Kaduna an ware ku. Da aka fasa rumbun tallafin korona a Barnawa a Oktoban 2020 har aka sa dokar hana fita, 'yan Rigasa ne suka fasa?

Malama Rahila: Da an raba a kan lokaci, me za a tarar a fasa?

Ɗan Birnin Gwari: Ni har yanzu ba a janye min kalmar ƙauye ba.

Hajiya Babba: Ai zamanin Baba Buhari mata na karɓar N5,000 duk wata, ba wanda ya zo da waya yana tambayar kin gamsu. Ƙanwata ta karɓa da hannunta.

Baban Sadiq: Hajiya, N5,000 kike yabo? Wannan gwamnatin ta Tinubu N25,000 ta ce, har sau uku.

Hajiya Babba: Ta ce. Kai ka gani? Ministar jinƙai ma ba dakatar da ita aka yi ba a Janairun 2024?

Baban Sadiq: Dakatarwar ai ita ce shaidar ana aiki.

Maman Ilham: Ikon Allah. Ni maganar yarinya da audugar mata na kawo.

Alhaji na Kawo: A'uzubillahi. Maman Ilham, akwai manya a zauren nan, a saya magana.

Maman Ilham: To ka gani, Alhaji. Ni da nake birni an ce in saya, ina ga yarinya a gaban mai rabon kaya?

Ɗan Birnin Gwari: "Ni da nake birni." Kun ji ko? Ta sake.

Baban Sadiq (admin): Jama'a dare ya yi, bari in tattara. Zaure ya amince kalmar ƙauye ba ta dace ba, Maman Ilham ta ba ƙaninmu haƙuri. An kuma fahimci tallafi yana isa ga mata, tunda ita da bakinta ta ce sun ce sun gamsu, kuma wannan gwamnatin ta fi ta baya ƙoƙari. Bayanin Malama Rahila ya yi tsawo, mai buƙata ya bi ta ta bayan fage. Batun Zazzau, cikin ganuwa ne, Ƙofar Doka. Na rufe zaure sai da safe.