Ruwan inabi mai kyakkyawar takarda: ya dace da walima?

Uwargida, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ƙanwata za ta tare a ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Kaduna yake kan ganiyarsa, kuma ni aka ɗora wa nauyin abin shan walima. Jiya na shiga wani babban kanti, na ga kwalaben ruwan inabi da suka ɗauke mini hankali: wata da zanen tsuntsu a kan reshe, wata da furanni ruwan ɗorawa kamar da hannu aka zana su. Yaron kantin ya ce ba a zuba musu sinadari ba. Ina so teburin amarya ya yi kyau, amma hankalina bai kwanta ba. Me kuke gani?

Malami, Barnawa:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki dakata tukuna, domin idan irin wanda Turawa suke cewa na halitta ne, to giya ce cikakkiya. Abin da sunan yake nufi shi ne an bar inabin ya tsumu da yis ɗin da ke jikin ɓawonsa, kuma ba a sa masa sinadarin adanawa ba, ko an sa ɗan kaɗan. Amma barasar tana nan, galibi sama da kashi 10 cikin 100. Ko a Faransa sai a 2020 aka amince da wata alama ta musamman dominsa. Ƙananan masu yinsa ne suka fi ƙawata takarda, don kwalbarsu ta fita daban a kanti. Ki juya kwalbar, ki nemi adadin barasa, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a gefe.

Mai girkin biki, Tudun Wada:
Malam ya yi gaskiya. Ko a cikin waɗanda aka ce babu barasa akwai bambanci: wani ruwan inabi ne zalla da aka sa wa gas, wani kuwa giya ce aka cire wa barasa, kuma yana iya ɗauke da ragowar da ta kai kashi 0.5. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ni dai a wannan zafi na fi son zoɓo mai citta da kanumfari a jug ɗin gilashi, an cika shi da ƙanƙara. Jansa kaɗai ya isa ado. Kunun aya kuwa kada a haɗa shi sai da safiyar ranar, domin ba ya jure zafi, nan da nan yake tsami.

Uwargida, Unguwar Rimi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na koma kantin ɗazu, kuma mai zanen tsuntsun nan kashi 12.5 aka rubuta a bayanta, don haka na mayar da ita inda na ɗauko ta. Mai girki, zoɓo mudu nawa zai ishi baƙi 150?