Aikin sa kai a ƙauyukan Baka na Kamaru: waɗanda suka je su ba mu labari

Ɗan Birketiri

Assalamu alaikum jama'a. Wata ƙungiya ta ba ni gurbin aikin sa kai a ƙauyukan Baka, mutanen nan masu rayuwa da kurmi, da ke kan hanyar Lomiye, a gefen gandun dajin Dja. Aikin ya haɗa da makarantar ƙananan yara da gonar koko ta haɗin gwiwa. Ni haihuwar Yawunde ne, ban taɓa kwana cikin kurmi ba. Hajiyata ta ƙi sakin jiki da maganar, tana cewa ina za ni inda ba masallaci ba asibiti. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa mini yadda abin yake a ƙasa, domin abin da ke takardar ƙungiyar duk daɗin baki ne.

Malam Isa Bertuwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar wa Hajiya da hankali, akwai 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani 'yan kasuwa a Abong-Mbang da Lomiye, ba za ka rasa jam'in Juma'a ba idan ka fito gari. Na koyar a irin wannan makaranta a wajen Minduru.

Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne ajin da ya cika maƙil a Satumba, ka zo a Janairu ka tarar da yara ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da rani, daga Disamba zuwa wajen Maris, iyalai kan shige kurmi su yi makonni ko watanni, tafiyar da suke kira molongo. Suna haƙar doyar daji, mata su datse rafi su kwashe ruwan su kama kifi, maza su bi zuma. Wajen Yuli da Agusta kuma lokacin mangwaron daji ne, wanda ƙwallonsa ke kawo musu ɗan kuɗi. A can yaro yake koyon abin da zai rayu da shi har tsufa, uba kuwa ba zai bar shi a bakin titi don allo da alli ba. Mu dai zama muka yi da iyaye mata, suka faɗa mana watannin da suke gida, muka matse karatun a ciki. Mun bi tsarin ORA da 'yan mishan na Katolika suka ƙirƙiro domin yaran Baka: a fara da hoto da abin da yaro ya sani a harshensa, Faransanci ya biyo baya. Harshen Baka ba dangin harsunan maƙwabtansu Nzime ba ne, don haka kada ka ɗauka wanda ya iya ɗaya ya iya ɗayan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai takardar haihuwa ce. Akwai wata yarinya da ta fi kowa kai, ta wuce makarantar gwamnati, ta jure zaman bayan aji da gorin da yaran gari ke yi mata, har ta kai ajin ƙarshe. Da aka zo rajistar jarrabawar kammala firamare ta CEP aka ce ta kawo takarda. A cikin daji aka haife ta. Idan wa'adin da doka ta ba iyaye ya wuce, sai an bi ta kotu, da kuɗin mota da shaidu da hatimi. Shekarar ta wuce ta ba ta zauna ba, kafin ta zagayo an yi mata aure. Idan ka je, ranar farko ka tambayi yara nawa ne ke da takarda.

Maman Hanifa

Allah ya saka, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Garwa, na bi tawagar lafiya zuwa yankin Yokaduma da Mulundu. Zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tari, jiga a ƙafafun yara, su ne na kullum. Akwai kuma wani gyambon fata mai yaɗuwa tsakanin yara da ake kira pian, wanda ƙwayar azithromycin sha ɗaya ke kashewa, amma sai ka ga yaro ya shekara da shi.

Da farko ana ce mana wai ba sa son asibiti. Da na zauna da matan sai na ji dalili. Mace ta tako tun asuba da yaro a goye, a bar ta a ƙarshen layi, a yi mata tsawa da yaren da ba ta ji sosai, a rubuta mata maganin da ba ta da kuɗinsa. Wa zai koma? Inda muka samu karɓuwa shi ne inda muka fara gaida nganga, mai maganinsu, da tsofaffin da ke karɓar haihuwa. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta kai ni bayan bukkoki, ta ɓare ɓawon wata bishiya da adda ta ba ni in ɗanɗana, ɗaci kamar me, ta nuna da hannu cewa na zazzaɓi ne. Daga ranar ita ke turo mini masu cikin da ta ga alamar matsala.

Kai kuma ɗana, gidan sauro da maganin rigakafin zazzaɓi wajibi ne, da takalmin roba mai tsawo. Kada ka yi yawo ba takalmi. Batun abinci, naman daji ne suke karrama baƙo da shi. Ka faɗa musu tun farko cikin ladabi cewa addininka ya hana ka abin da ba a yanka ba, su ma suna da abincin da kowane dangi ba ya ci, sun san wannan sarai. Kifi, agade, rogo, ganyen miya na daji da shi ma ake kira koko, da zuma za su riƙe ka.

Garba Mai Famfo

Ni kan ruwa na yi aiki, wajen Jum a kudu. Abu ɗaya zan faɗa: ka lura da wanda ke yi maka tafinta. Yawancin zaman Baka a bakin titi ne tun da aka fara matsa musu su fito daga daji wajen shekarun 1950 da 1960, kuma kusan kowane zama yana maƙale da ƙauyen Bantu, wato maƙwabtansu manoma irin su Nzime. Hukuma ba ta cika ɗaukarsu ƙauye mai sarki ba, zango take kiransu. To idan ka zo, sarkin ƙauyen Bantu ne zai tarbe ka, ya ce maka "mutanena ne", ya ba ka ɗansa ya yi tafinta. A taronmu an tambayi inda za a haƙa rijiya, wani dattijon Baka ya yi dogon bayani, tafinta ya ce "ya ce sun gode". Famfon ya ƙare a ƙofar gidan sarki, matan Baka sai an gama ɗiba su samu, wani lokaci da biya. Daga baya wani saurayin Baka da ya yi makaranta ya gaya mini dattijon cewa ya yi a sa shi kusa da rafin da suke ɗiba.

Kuma kada ka nemi shugaba ɗaya da zai yanke magana. Ba haka suke ba. Kowa na tofa albarkacin bakinsa, mata sun fi ƙarfin murya in ka same su su kaɗai, wanda bai yarda ba kuma ba zai yi maka musu ba, tashi kawai zai yi ya shige daji.

Alhaji Na Yokaduma

Ni ba ɗan sa kai ba ne, ɗan kasuwa ne, amma ina zaune cikinsu tun ina saurayi, kuma ƙungiyoyi da yawa a shagona suke sayen kaya. Yaro, gonar kokon nan da ka ambata ita ce zan ja maka kunne a kai. Koko sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ba da 'ya'ya. Ƙungiya ta raba iri ta ɗauki hoto ta tafi. Kafin gona ta nuna, mai ita ya ci bashi, ciwo ko biki ko sadaki, sai ya ba da hayarta ga maƙwabci a kan kuɗi kaɗan, ya koma ɗan ƙodago a gonar kansa. Ladan yini sefa 500, wani ma da giyar leda ake sallamarsa. Gwamnati ta sanar da hana giyar ledar nan tun 2014, amma har gobe tana ko'ina, ta kuma ci mutane da yawa da na sani.

Mu ma 'yan kasuwa da hannunmu a ciki, domin akwai masu ba da gishiri da sabulu bashi su karɓi ƙwallon mangwaron daji a rabin farashi. Allah zai tambaye mu. Idan ƙungiyarku da gaske take, ta tanadi asusun ciwo da ma'auni na gaskiya kafin ta raba iri.

Abu Sadik

Ku yi haƙuri, ni ina da ja. Na yi ɗan zama a wani aikin gina gidaje a wajen Mulundu. Duk wannan magana ta a bi al'adarsu, shin so ake a bar su cikin bukkar ganye har abada? Samarin da na gani waya suke so, babur suke so, kwano suke so a kan ɗakinsu. Mu da ke kwana a siminti ne za mu ce musu daji ya fi?

Zainabu Ngaundere

Yaya Abu Sadik, gaskiyarka a kan samarin, ni ma na ga haka. Ba wanda ya ce kada su samu kwano. Magana ita ce wa ya zaɓa. Na ga gidajen bulo da aka gina a jere, mutanen suka zuba kaya a ciki, mata suka sake ɗaura mongulu a baya, bukkar da suke yi da rassa da faffaɗan ganye, saboda ta fi sanyi kuma hayaƙi na korar ƙwari. Da an tambaye su, da wataƙila katin ɗan ƙasa za su ce, don in ba shi da shi mutum ba ya wuce shingen jandarma ba ya kai ƙara.

Ni aikin taswira na yi. Muna bin su da na'urar GPS suna nuna mana kaburbura, rafukan kifi, wuraren doya da bishiyoyin da suke amfani da su. Akwai moabi, su suna ce mata mabe. Yadda kaɗanya take a wurinmu haka take a wurinsu: man girki, man shafawa, magani. Tana daɗewa ƙwarai kafin ta fara 'ya'ya, kuma katakonta na cikin masu tsada, don haka masu yankan katako ita suke nema. Wata rana wasu mata suka kai mu wurin wata da kakanninsu ke tsinta a ƙarƙashinta. Kututture muka tarar, faɗinsa mutum ya kwanta a kai, ga sawun katafila har bakin rafi. Babbar cikinsu ta zauna a kai ta jero sunayen matan da suka tsinci 'ya'yanta, ta ce in sa su duka a cikin na'urar. Na sa.

Ƙasar ce tushen komai. Dokar gandun daji ta 1994 ta ba da damar dajin al'umma har hekta 5,000, amma a yankin da ke kusa da titi, alhali rayuwarsu tana can ciki, inda aka yanka wa kamfanonin katako ko aka mai da gandun gwamnati. Dja na cikin jerin wuraren gado na duniya na hukumar UNESCO tun 1987, an kafa gandun Lobeke a 2001, Bumba Bek da Nki a 2005. Ba wanda zai zauna da su bai ji labarin duka da ƙone bukkoki daga masu gadin daji ba. A 2019 ma'aikatar gandun daji ta sa hannu da ƙungiyar Baka ta ASBABUK a kan barin su shiga waɗannan gandaye uku na ƙarshe, sai dai a ƙauyukan da na je mutane da yawa ba su ma ji labarin takardar ba. Ɗan Birketiri, ka nemi ƙungiyoyin da su da kansu suka kafa, irin Okani da ke Bertuwa da haɗakar Gbabandi, ka ji ta bakinsu kafin ka sauka.

Malam Isa Bertuwa

Ƙari kaɗan, tunda Zainabu ta taɓo abin da ke cikin daji. Za ka ji ana maganar Jengi, wanda suke ɗauka mai kula da kurmi. Akwai wurin da aka keɓe masa a bayan zango, wanda ba a shigar da shi cikin al'adar ba ba ya zuwa. Kada ka leƙa, kada ka ɗaga waya. Ka yi sallarka a fili, za su ba ka wuri su hana yara gittawa, in an tambaye ka ka amsa. Amma kada ka haɗa rabon magani ko littafi da wa'azi, mutumin da ke cikin buƙata zai ce maka to a kan komai. Sunan nan da Turawa suka laƙaba musu na gajarta kuma ka bar shi, Baka suke.

Ɗan Birketiri

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena, Allah ya bar zumunci. Na kira mai kula da aikin na yi masa tambayoyinku. Tafinta ɗan Nzime ne, ba su da lissafin yara masu takardar haihuwa, kuma a Janairu suke so a buɗe makarantar. Na ce zan zo idan za a ɗauki ɗan Baka ko 'yar Baka mu yi aiki tare da albashi, a kuma sake duba watan. Ya ce zai kai maganar gaba. Malam, idan ta yiwu wace hanya zan bi?

Malam Isa Bertuwa

Daga Yawunde ka bi ta Ayos zuwa Abong-Mbang, kwalta ce. Daga nan jar ƙasa ce har Lomiye, ka guji Oktoba da farkon Nuwamba, ruwa ya yi yawa, motar katako ɗaya in ta kafe kowa ya kwana a hanya. Ka riƙe kuɗi a hannu ƙanana-ƙanana, da fitila mai cajin rana, da kwafin katinka. Ka sayi babban littafin rajista mai bango mai ƙarfi, ka naɗe shi a leda saboda laima. Sunan yaro, sunan uwa, sunan uba, zangon da aka haife shi, da lokacin, ko da "shekarar da aka buɗe hanyar katako" ce kawai suka tuna. Da shi za ka je wurin magajin gari da kotu.