Waɗanda suka koyi kodin (rubuta manhajar kwamfuta) a hannun abokan karatu, ku zo mu ji yadda kuka yi

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina aji biyu a wata jami'a a nan Kano. In ba na karatu, ina wajen tattabaruna a saman soro, ko kuma ina buga dara da dattawan bakin layinmu bayan La'asar. Mu biyar ne muka haɗa rukunin karatu, laftof biyu gare mu. A lacca ana ba mu ƙa'ida, amma gaskiya sai mun zauna tare Python, yaren rubuta manhajar da muke koyo, take shiga kaina. Abin da ke damuna, kullum mutum ɗaya ne ke danna kwamfutar, saura muna gyaɗa kai. Yayyenmu da suka riga mu, yaya kuka bi da wannan?

'Yar Samaru: Wa'alaikumus salam ƙanena. Namu rukunin ya kafu ne a yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman gida ya ishe mu, sai muka ɗauki CS50, darasin nan na jami'ar Harvard da David Malan ke koyarwa kyauta a intanet. Wadda ta samu datar dare ita ke sauke bidiyon, washegari ta tura wa kowa ta Xender. Matsalarka mun sha ta. Maganin da muka samo, wanda ya fi rauni a darasin ranar shi ke zama gaban kwamfuta, gwanin kuma ya rungume hannu, da baki kawai zai taimaka. Da farko abin yana cin rai, aikin minti goma sai ya kai awa. Amma ranar da muka iso inda yaren C, wani yaren rubuta manhaja, ke maganar adireshin ma'ajiyar kwamfuta, wata ƙawata ta yayyaga takarda ta jera a kan tabarma, kowace ta rubuta mata lamba, ta ɗora wake a kai. Ta ce waken shi ne abin da aka ajiye, lambar kuma gidan da yake. Nan take na gane abin da na yi kwanaki ina kallo a bidiyo ban fahimta ba. Ita ma ta ce sai da ta yi mana bayanin ya zauna mata daram.

Bamaraɗe: Sannunku. Daga Maraɗi nake. Mu dabarar makarantar 42 muka ara, wadda Xavier Niel ya kafa a Faris a 2013. Ba malamai, ba kuɗin makaranta, ɗalibai ne ke duba aikin junansu, kafin a ɗauke ka ma sai ka yi wata guda na gwaji da yaren C. A wajenmu ba a cewa ka gama aiki sai ka kare shi a gaban mutum biyu. Za su goge layi ɗaya su ce, to, me zai faru yanzu? In ka yi shiru, ka koma ka sake zama da shi.

Tsohon Ɗalibi: Ƙannena, bari in kawo ɗaya gefen, don na gama, yanzu ina aikin haɗa manhaja a Abuja. Rukuni yana da amfani, amma na ga inda ya cuci mutane. Mutum ɗaya ya yi aikin gida, huɗu su kwafa su sauya sunayen abubuwa, kowa ya ci maki, ranar ganawar neman aiki a ce ka rubuta abin da zai juya jerin lambobi, gumi ya karyo. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 abin ya ƙaru, don yanzu ko gwanin rukunin ma wani lokaci kwafowa ya yi. Kowa ya fara fafatawa da tambayar shi kaɗai kafin a haɗu, ko da bai warware ba, ya zo da inda ya maƙale. Sannan ku buɗe GitHub tun yanzu, shafin intanet ne da ake ajiye aikin kodin ta hanyar manhajar Git. Git yana ajiye tarihin wanda ya rubuta kowane layi, kuma duba aikin abokin aiki kafin a haɗe shi da na kowa shi ne abin da muke yi kullum a ofis.

Maman Biyu: Don Allah ku kula da lokacin haɗuwa. Rukunin ajinmu bayan Isha'i suke zama, ni da aure da yara ba hali, haka 'yan matan da ke zuwa daga gida. Da aka mayar da shi tsakanin Azahar da La'asar a gaban laburare, mata shida muka shigo.

Ɗan Jos: Rashin laftof kada ya tsayar da sauran ukun. Ni a waya na fara, da Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya, ina bin darussan shafin koyon kodin na freeCodeCamp. Ɗan'uwa, ka ce kana buga dara, ai ga aikinku nan a hannu. Gurbi 30 ne, layi biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. A kodin wannan jeri ne a cikin jeri, kowane layi jerin gurabe ne. Ɗaya ya zana filin, ɗaya ya rubuta dokar matsawa, ɗaya ya duba ko uku sun jeru a ci ɗan abokin wasa. Kai da ka san wasan, kai za ka koya wa gwanin naku doka, ka ga kowa ya zama malamin wani.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na karanta wa abokaina duka, mun amince ranar Asabar za mu fara da darar, kuma ni zan zauna gaban kwamfuta. Yaya 'Yar Samaru, tambaya ɗaya ta rage: gwanin namu mutumin kirki ne amma ba shi da haƙurin jira, da wace magana kuka shawo kan taku har ta yarda ta rungume hannu?