Tambaya kan zanen yaron nan mabaraci na Murillo

Ɗalibar zane daga Gwale:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman haske a kan zanen da Bartolomé Murillo ya yi a birnin Sebil na ƙasar Sifaniya tsakanin 1645 da 1650, wanda yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Faransa. Yaro ne zaune a lungun wani kango, cikin tsummokara, tafin ƙafarsa duk dauɗa, yana neman ƙwarƙwata a jikinsa, ga tulu da kwandon tuffa a gefensa. Abin da ya dame ni shi ne, hasken da ke shigowa ta taga ya ƙawata yaron ƙwarai. Shin tausayi ne ya sa aka zana shi, ko kuwa an yi wa talauci kwalliya ne don masu kuɗi su rataye a bango?

Malamin tarihi daga Fagge:
Wa alaikumus salam, 'yata. Murillo bai san wahala daga nesa ba, domin iyayensa biyu sun rasu yana ɗan kimanin shekara 10, yayarsa ce ta riƙe shi. Kuma Sebil ta wancan zamani tana cikin ƙunci, arzikin cinikinta da nahiyar Amurka yana ja da baya, sannan annobar 1649 ta hallaka dubban mutane ta bar marayu birjik a tituna. Duk da haka zarginki yana da tushe, tunda irin waɗannan zane-zane nasa galibi attajirai 'yan kasuwa baƙi ne suka saye su, kuma wannan ɗin ya shiga taskar Sarkin Faransa Louis na 16 a 1782.

Mai sayar da littattafai a Sabon Gari:
Ni da na gan shi, yaran da ke kwana a bakin kasuwa ne suka faɗo mini a rai.

Malama daga Ƙofar Mata:
Malam, ni ina ganin tausayin ya fi rinjaye, kuma hujjata tana ƙafafun yaron. Wanda yake son ya faranta wa attajiri rai kawai ba zai juyo da tafin ƙafa mai datti ya fuskanci mai kallo ba. Ƙanwata, ki lura kuma cewa yaron bai miƙa hannu ba, bai ma ɗago kai ya dube mu ba, ya duƙufa ne a kan abin da ke cizonsa.