Hirar da ake yi da iyalai bayan hukuncin kotu: me muke nema a fuskarsu?

Maman Khalifa, Agege:

Assalamu alaikum. Tambayoyi biyu gare ni, ina roƙon masu ilimin shari'a da manyanmu da suka daɗe a Legas su sa baki. Idan an yanke hukunci a shari'ar kisa, 'yan jarida suka tare iyalai da makirfo, wa ya ba mu ikon auna baƙin cikinsu? Na biyu, in uban mamaci ya ce ya yafe, yafiyar tana aiki a kotun gwamnati?

Batun Maryam Sanda ne ya tayar min da wannan. A Nuwamban 2017 aka kashe mijinta Bilyaminu a Abuja, a Janairun 2020 Mai shari'a Yusuf Halilu ya yanke mata hukuncin rataya. A Oktoban 2025 sunanta ya fito cikin waɗanda Shugaba Tinubu ya yi wa afuwa, jama'a suka yi ca, aka dawo aka mayar da abin ɗaurin shekara 12. Ana cikin haka mahaifin marigayin ya zauna gaban 'yan jarida ya ce ya yafe saboda jikokinsa, wani ɓangaren dangin kuma suka fitar da sanarwa cewa afuwar zalunci ce.

Ba hukuncin nake so mu yi gardama a kai ba. Ranar da aka nuna dattijon, shagona na ɗinki cike yake da masu karɓar anko. Wata ta ajiye yadin hannunta ta matsa jikin talabijin ta ce, "Ku dubi idonsa, ko ɗigon hawaye babu, wannan bai san zafin ɗa ba." Yarinyar da ke koyon aiki a wurina ta buɗe Facebook tana karanto mana sharhi, rabi na zagin wanda ya yafe, rabi na zagin waɗanda suka ƙi. Wallahi sai da na tsayar da keke, hannuna rawa yake.

Da ƙanina ya rasu a hatsarin mota, Innarmu ba ta zubar da hawaye ba har aka share makoki. Ita ke ba masu gaisuwa haƙuri. Sai da gida ya watse, ta ɗaga labule ta ga silifas ɗinsa a bakin ƙofa, sannan ta zube. Da an ɗauke ta a kyamara ranar uku, me waɗannan matan za su ce a kanta?

Alhaji Mai Albasa, Mile 12:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya jiƙan ƙaninki. Abin da kika gani mu mun gan shi tun lokacin Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha. An harbe Kudirat Abiola, matar MKO Abiola, a nan Legas ranar 4 ga Yunin 1996, ga titi nan a Oregun da sunanta. A Janairun 2012 Mai shari'a Mojisola Dada ta yanke wa Manjo hukuncin kisa kan kisanta, a Yulin 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi ta sallame shi, bayan kusan shekara 15 a tsare.

Duka ranakun hukuncin biyu ina kasuwa. A na farko namu suka yi jugum, a na biyu aka yi ta kabbara, daga baya aka nuna tarbar da aka yi masa a Kano. Akwai wata Bayarabiya mai sayen albasa a wurina da buhu. Ta ji yarana suna shewa, ta tsaya ta ce min, "Alhaji, to ita matar wa ya kashe ta? 'Ya'yanta ba mutane ba ne?" Ban iya ba ta amsa ba. Na san gidan Manjo sun sha wahalar zirga-zirgar gidan yarin Kirikiri, na kuma san 'ya'yan Kudirat sun tashi babu uwa. Mu da muke zaune cikin mutane, kalmar da yaro zai rubuta a waya daga ɗakinsa tana iya biyo mu har rumfa. Tun ranar na hana shewa a rumfata kan kowace shari'ar rai.

Ɗalibin Lauya, Yaba:

Anti, bari in ɗauki tambaya ta biyu. A babbar kotu, shari'ar kisa tsakanin gwamnati ce da wanda ake tuhuma. Dangin mamaci shaidu ne kawai idan an kira su. A Abuja da yawancin jihohin Arewa sashe na 221 na dokar Penal Code ne ya tanadi hukuncin kisa, kuma yafiyar uba ba ta soke shi. Afuwa tana hannun shugaban ƙasa a sashe na 175 na kundin tsarin mulkin 1999, bayan ya tuntuɓi Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, gwamnoni kuma a sashe na 212. Roƙon dangi yana iya yin nauyi a can, amma ba ya tilasta kowa.

A shari'ar Musulunci ne waliyyan jini ke da zaɓi: kisasi, ko diyya, ko afuwa, kamar yadda ya zo a aya ta 178 ta suratul Baƙara. Mutanenmu da wannan fahimtar suke kallon talabijin, alhali kotun da wata doka ta yi aiki. A nan ake samun rikicewa.

Ki lura kuma, ba kasafai ake barin kyamara ta ɗauki zaman kotu ba. Shekarun da aka yi ana sauraron shaidu ba mu gani ba, minti biyun bakin ƙofa kawai muka gani. Kuma ranar hukunci magana ba ta ƙare ba, akwai kwana 90 na ɗaukaka ƙara.

Yaya Zee, Idi-Araba:

Maman Khalifa, ki yi haƙuri, ban yarda a ɗora wa hirar laifi ba. Talaka ba shi da wata kafa sai ita. Ki tuna Bamise, yarinyar da ta hau motar BRT a Fabrairun 2022 aka tsinci gawarta. 'Yan uwanta ne suka yi ta magana a gidajen talabijin har lamarin ya zama na kowa, a 2025 aka yanke wa direban hukuncin kisa. Ki tuna Hanifa 'yar shekara biyar da aka sace aka kashe a Kano. Kukan iyayenta ya girgiza ƙasa, cikin Yulin 2022 aka gama shari'a a babbar kotu. Shari'o'i nawa ne aka yi ta ɗagewa saboda babu wanda ya ji muryar uwar?

Maman Khalifa, Agege:

Na gode, Baba Alhaji. Maganar matar nan ta shiga raina.

Zee, gaskiyarki kan Bamise da Hanifa, ba zan so a rufe bakin kowa ba. Amma akwai bambanci tsakanin uwar da ta nemi ɗan jarida da ƙafarta, ta shirya abin da za ta faɗa, da wadda aka tare a matakalar kotu mayafinta na zamewa ana tambayarta "Yaya kika ji?" Sannan a yanko daƙiƙa talatin a watsa a WhatsApp, mu zauna muna ƙirga mata hawaye. Da mu masu kallo nake, ba da 'yan jarida ba. Kuma akwai yara a tsakiya. Za su girma, za su iya karatu, abin da aka rubuta kan uwarsu da ubansu da kakanninsu yana nan a intanet ba ya gogewa.

Ƙanina lauya, saura ɗaya. A shari'ar Musulunci, idan waliyyan jini suka rabu, wani ya yafe wani ya ce sai kisasi, maganar wa ake bi? In akwai malami a nan, don Allah ya warware mana.